Haƙorin da Inna Ta Wanke da Toka

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata na zumunta, sannunku da zama. Na gode da aka ba ni wannan fili.

Baƙin da suka zo daga nesa, sunana Rifkatu, 'yar Inna Saratu, ta gidan nan da ke bayan rijiya. Na gida kuwa kun san ni, ko in ce kun san bayan hannuna, don shekara da shekaru shi kuke gani a kan bakina. Yau na sauke hannun. In maganar ta yi tsawo ku yi haƙuri, wanda ya daɗe bai yi magana ba in ya samu fili sai an ja masa riga.

Ina shekara tara abin ya faru. Babana ya rasu, yayyena maza biyu sun tafi neman abinci kudu, mu biyu muka rage a gidan, ni da Inna. Turminmu ɗaya, taɓare biyu. Tare muke daka, tare muke waƙa. Ran nan da hantsi tana koya mini lugude, a wurga taɓarya sama, a tafa hannu, a cafe. Na wurga, na tafa sau ɗaya, na ce bari in ƙara na biyu don Inna ta yaba mini. Taɓarya ba ta jira ni ba, ta sauko mini a baki. Haƙorin gaba na sama, sabo wanda ya fito bayan famfara, ya fita duka har saiwarsa, ya faɗa inda kaji ke tono.

Kun san abin da Inna ta fara yi? Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure mini baki, wai kada ƙadangare ya ga giɓin, haƙori ya ƙi zama. Ku yi dariyarku, ba komai, duk an gaya mana wannan muna yara. Sannan ta durƙusa ta bi ƙasa da hannu har ta gano haƙorin.

Wanda bai san Inna ba sai in gaya masa hali ɗaya nata. Tsabta. Duk unguwarmu, Kirista da Musulmi, in za a yi suna ko biki tukwanen Inna ake zuwa aro. Tukunyar dalma ce, amma in ta bi ta da toka da soso sai ka ga fuskarka a ciki. Ba mu da shanu, ba mu da ɗakin kwano, amma ba wanda ya taɓa ganin baƙin tukunya a gidanmu. Da wannan take ɗaga kai a cikin mata.

To, mace irin wannan ta ɗauko haƙorin 'yarta daga cikin kashin kaji. Me kuke zaton za ta yi? Ta ɗebo toka a murhu ta cuɗe shi da soso. Ta ga wani ɗan jan nama siriri a jikin saiwar, ta ce datti ne, ta sa reza ta kankare shi tas. Ya yi fari fat. Ta shanya shi a kan faifai ya bushe, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Malam Audu wanzami ya tafi cin kasuwar Tsanyawa ranar, sai washegari ya dawo. Shi ya tura haƙorin ya koma raminsa, ya ɗaure shi da zare a jikin na kusa da shi. Na yi makonni kunu kawai nake sha.

Haƙori ya kama. Ya kama gam, ko motsi ba ya yi.

A daidai wurin nan da nake tsaye Inna ta tsaya ta ba da shaida. Tsofaffi za su tuna. Ta ce Allah ya mayar wa marainiya haƙorinta. Daga nan kowane baƙo ya shigo gidanmu, kafin ya gama shan ruwa sai ta kira ni.

"Rifkatu, zo ki buɗe baki. Ku taɓa ku ji. Ni na tsinto shi, ni na wanke shi da hannuna."

Wannan labari shi ne dukiyar Inna. Mijinta ya tafi, 'ya'yanta maza sun yi nisa, amma akwai abu ɗaya da ta ƙwato daga ƙasa ta riƙe.

Sai na fara girma. Ina shekara goma sha biyu zuwa sha uku na lura sauran haƙorana suna saukowa, shi yana nan inda yake. Kowace shekara sai ya ƙara gajarta. Mutane suka ce komawa ciki yake yi, ni ma haka na ɗauka. Launinsa ya juya, ya yi duhu. Na gefensa biyu suka karkato suna neman rufe shi. A makaranta aka sa masa suna ɗan wada. "Rifkatu, yau ɗan wadanki bai fito gaisuwa ba?" In na yi fushi su ce in buɗe baki in rama mana.

Ina cikin mawaƙan ikilisiya a lokacin, a layin gaba nake tsayawa. Ranar wata Kirsimeti ina cikin jan baiti na ga 'yan mata biyu suna taɓa juna suna kallon bakina. Ban sake tsayawa a gaba ba. Na koma layin baya, daga baya na koma benci, daga benci na koma na ƙarshe kusa da ƙofa, don in an tashi in riga kowa fita.

Ba wanda ya kore ni, 'yan'uwa, ni na kori kaina. In 'yan mata za su rijiya da safe, ni sai rana ta take. In ana gayya a gona sai in zaɓi kunyar da ke can gefe. Gidajenmu a manne suke, kana jin tarin maƙwabcinka, gona tana taɓa gona, amma sai in yi kwana uku ban haɗa magana da kowa ba sai Inna da awaki. Wani saurayi ya taɓa zuwa gaishe ni sau biyu. Na zauna hannu a baki ina ba shi amsa da kai. Bai zo na uku ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Inna kuwa ba ta daina labarinta ba. Ita dai abin da take gani, haƙori yana nan. In na ce ya yi muni sai ta ce, "Muni ya fi giɓi." Ban taɓa musa mata ba, sai in shige ɗaki.

Akwai abin da zan furta a gabanku, don ban zo nan in wanke kaina ba. Dangin babana waɗanda ba su bi Almasihu ba suka ce jifa ne, wasu suka ce iskokin gidan ne suke riƙe da shi. Na yi ta addu'a ban ga canji ba, sai na saci jiki na je wurin boka. Ni da aka yi wa baftisma. Ya ba ni wani baƙin gari in dinga gogawa. Dasashina ya saɓule, haƙori yana nan. Na tuba, kuma na san an gafarta mini.

Ina shekara ashirin wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi saman haƙorin. Ya fashe, ya koma, ya sake fitowa, yana fitar da mugunya. Ni kaina ina jin warin. Ranar kasuwar Tsanyawa na je rumfar mai cire haƙori na ce ya raba ni da shi. Ya sa filaya ya ja. Kaina ne ya biyo shi. Ya sa gwiwa ya dafe ni ya sake ja, gefen haƙorin ya ɓantare, amma ko gezau. Mutumin ya ajiye filaya yana share gumi.

"'Yan mata, tunda nake sana'ar nan ban taɓa gamuwa da irin wannan ba. Wannan ba haƙori ba ne, ƙashi ne. Tashi ki tafi, kada in ɗauki alhakinki."

Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, ya san inda zai tsaya. Daga baya aka gaya mini da ya dage, da ƙashin zai karye.

Ranar Lahadi Mama Hannatu, matar Baba Fasto, ta tare ni a bakin ƙofa kafin in sulale. Ta kama hannuna ta sauke shi daga bakina da ƙarfi. Ta duba, ba ta yamutsa fuska ba.

"Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi," in ji ta. "Jibi ki shirya, birni za mu."

Muka hau bas zuwa Kano, asibitin haƙori. Likitar mace ce, Musulma, mai sanyin magana. Ta kwantar da ni a kujera ta ɗauko ɗan madubi mai mariƙin ƙarfe. Ta ce in saurara da kyau. Ta ƙwanƙwasa haƙoran gefe da mariƙin, ƙarar ta fito a dushe. Ta ƙwanƙwasa ɗan wada, sai ya yi ƙara ƙal, kamar an buga cokali a kwano.

"Kin ji bambanci?"

Na ce na ji.

Ta sa yatsa ta girgiza su ɗaya bayan ɗaya. Ashe kowane lafiyayyen haƙori yana ɗan motsi kaɗan, ban taɓa sani ba. Nawa kawai ne ba ya yi. Abin da Inna take alfahari da shi shekara goma sha ɗaya, ashe shi ne alamar ciwon.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Ta nuna mini a hoton, kowane haƙori akwai wani siririn layi baƙi da ya zagaye saiwarsa. Nawa babu. Saiwar da ƙashin muƙamuƙi sun zama abu ɗaya, ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

Ta ce, "Kin san gammo? Tsakanin kai da tulu ake sa shi. Haka Allah ya sa wata siririyar shimfiɗa mai rai tsakanin saiwar haƙori da ƙashi. In ta mutu, ƙashi yana kama saiwar kai tsaye, ya dinga cinye ta a hankali yana maye gurbinta. Haƙorinki ba ciki yake komawa ba. Tsayawa ya yi a inda yake kina shekara tara, ke kika ci gaba da girma kika bar shi."

Na tambaye ta me ke kashe shimfiɗar. Ta ce mafi yawa bugu ne, musamman in haƙori ya fita ya bushe kafin a mayar. Akwai kuma yaran da haƙoran taunarsu na farko suke mannewa haka ba tare da wani bugu ba, wani lokaci a dangi yake bi. Sai ta ce in ba ta labarin ranar da abin ya faru. Na ba ta, yadda Inna take bayarwa, da tokar, da rezar, da faifan.

Likita ta ce ɗan jan naman nan da aka kankare, shi ne shimfiɗar. Da an ɗauraye shi kawai an mayar nan take, ko an tsoma shi a madara an garzayo asibiti, da wataƙila ya rayu.

Madara. Ranar muna da akuya mai shayarwa a ɗaure a gindin darbejiya.

Likita ta ga fuskata ta sauya, sai ta ƙara wata magana. Ta ce, "Ki ji ni da kyau. Iyaye da yawa jefar da haƙorin suke yi. Mahaifiyarki ta tsince shi, ta nemi a mayar, wannan daidai ta yi. Abu ɗaya ne ba wanda ya taɓa gaya mata." Ta rubuta mini magani don ƙurjin, ta ce haƙorin ba zai gyaru ba, cire shi za a yi da tiyata, ta ba mu rana bayan kaka.

Maganar likita kashi biyu ce. Kashi ɗaya na ɗauko zuwa gida, ɗayan na bar shi a hanya da gangan.

Mun iso da la'asar. Inna tana tsugune a tsakar gida tana cuɗar tukunya, hannunta duk toka. Ta ɗago da murna.

"Sannunku da hanya. Me likita ya ce? Kin gaya masa ni na wanke shi?"

Kun san ba na magana, amma ranar bakina ya buɗe. Na ce, "Na gaya mata. Ta ce wankin naki ne ya kashe shi. Ke kika kankare masa rai da reza. Shekara da shekaru ina ɓoye fuska, ke kina tara mutane kina yabon kanki. Tsabtarki ce ta cuce ni, Inna."

Ta dubi hannunta. Ta ajiye soson a hankali, ta tashi ta shiga ɗaki.

Magana zarar bunu ce. Na zata in na faɗa zan ji sanyi. Da farko ma na ji, ba zan yi muku ƙarya ba.

Daga ranar gidanmu ya mutu. Ba faɗa, ba zagi. "Ina kwana, Inna." "Lafiya." Shi ke nan sai gobe. In zan yi daka sai ta ba ni wuri, in na gama ta yi nata. Taɓarya ɗaya ce take tashi a turmin. Ta zuba mini tuwo ta ajiye a ƙofar ɗakina, ta ci nata a nata ɗakin. A da duk duniya na guje wa, amma ina da mutum ɗaya. Yanzu ita ma na kore ta. Kaɗaicin da na sha shekara da shekaru bai kai na wata biyun nan ba.

Ranar Lahadi in an zo addu'ar da muke haɗa baki mu yi, daidai wurin maganar gafara sai harshena ya yi nauyi. Ina motsa leɓe a bayan hannu, ba abin da ke fita.

Wata rana da safe maƙwabciyarmu Hajiya Zainabu ta shigo aron tukunya, jikarta ta haihu za a yi suna. Inna ta tafi rijiya. Na shiga madafa na ɗauko babbar, na miƙa mata. Hajiya ta juya ta, ta sake juyawa, ta dube ni.

"Rifkatu, Saratu ba ta da lafiya ne?"

Na ce lafiyarta ƙalau.

"Shekara talatin muna maƙwabtaka, ban taɓa ganin tukunyarta haka ba. Ki gaya mini gaskiya, 'yar nan."

Sai a lokacin na duba. Baƙi ƙirin. Na koma madafa na duba sauran, duk haka suke. Ruwa kawai take ɗauraye su da shi. Toka ta taru a murhu ba a taɓa ba, soso yana nan a inda ta ajiye shi ranar, ya bushe ya ƙanƙance. Wata biyu ina cin abinci daga tukwanen nan ban gani ba, don kaina kawai nake kallo.

Na ɗauki kwando na tafi gona roron wake. Rana ta take, ba kowa a wajen. Na shiga cikin karan dawa na durƙusa. Ban iya addu'a mai tsari ba ranar. Na ce, "Ubangiji, na roƙe ka likita, ka ba ni. Na roƙe ka in san dalili, ka sanar da ni. Ga shi na sani, kuma ban taɓa zama ni kaɗai kamar yau ba. Ba ni da kowa. Ka taimake ni."

Ban ji murya daga sama ba. Abin da ya zo mini shi ne maganar likita, kashin da na yar a hanya, ta dawo kalma bayan kalma. Sai na tuna Inna a durƙushe tana lalube a cikin kashin kaji, kanta ba ɗankwali, mace mai ƙyanƙyami irin ta. Na tuna ni na nemi tafi na biyu. Ta yi kuskure cikin rashin sani da ƙauna. Ni na yi nawa ina sane, da nufin ya yi mata ciwo. Na yi kuka har wake ya jiƙe a hannuna. Na roƙi Yesu gafara, na tashi na bar kwandon a gona.

Na same ta tana tsince wake a zaure. Na durƙusa a gabanta.

"Inna, akwai sauran maganar likita da na ɓoye miki."

Na faɗa mata duka. Na ce ta yafe mini. Ta daɗe tana tsintar wakenta.

"Na yafe miki tun ranar," in ji ta. "Amma ni na kankare, Rifkatu. Hannun nan ne."

Muka koma cin abinci a kwano ɗaya. Muka koma gaisuwa mai tsawo. Amma tukwane suna nan baƙi. Ta yafe mini, ita ce ba ta yafe wa kanta ba, kuma ban san yadda zan yi da wannan ba. In na ɗauki soso zan cuɗa sai ta tashi ta bar wurin.

Ranar tiyata ta zo. Inna ta ce da ita za a je. Ta zauna a benci a waje, hannu biyu a cinya. Aka yi mini allura wurin ya mutu. Likita ta tsaga dasashi, ta yanke kan haƙorin ta cire. Saiwar kuwa ba a iya zaro ta, don ba ta da iyaka da ƙashi, sai da ta sa wani ɗan inji ta dinga gogewa kaɗan kaɗan har ta kwashe abin da ya ruɓe. Ta ɗinke. Ban ji zafi ba sai ƙara da girgiza a cikin kaina. Da aka gama na yi mata nuni da hannu ta ba ni kan haƙorin. Ta naɗe mini shi a auduga.

Mun dawo gida rana ba ta faɗi ba. Leɓena ya kumbura, maganata da ƙyar take fita. Na kwanta a tabarma a tsakar gida. Inna ta zauna kusa da ni tana kore mini ƙuda. Na miƙa mata audugar.

Ta warware. Ga shi nan, ɗan guntu, baƙi, jini ya bushe a jikinsa. Na ga hannunta ya nufi buta da kansa, sai ya tsaya a hanya. Ta mayar da shi cinya.

Na ce, "Wanke shi, Inna."

Ta dube ni.

"Wanke shi. Ba na son ganinsa da datti."

"Da me?" in ji ta.

"Da toka mana. Wa ya iya kamar ki?"

Sannan ta tashi ta je murhu. Ta sa hannu cikin tokar nan ta wata uku ta ɗebo. Ta jiƙa soso, ta tsuguna, ta cuɗe ɗan haƙorin nan tana hawaye, ta ɗauraye, ta sake cuɗewa. Bai yi fari ba, ya riga ya rine, amma ya fita tas. Ta ƙulle shi a bakin zanenta. Na zata za ta dawo ta zauna. Ba ta tashi daga tsugunen ba. Ta miƙa hannu ta jawo babbar tukunya.

Ina kwance ina jin ƙarar soso a jikin dalma. 'Yan'uwa, na ji waƙoƙi da yawa a majami'ar nan, ban taɓa jin abin da ya kai wannan daɗi ba. Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

Na yi wata uku da giɓi kafin wurin ya warke. Duk ƙadangarun unguwarmu sun gani, ban rufe ba. Sannan aka yi mini wannan da kuke gani. Na roba ne, ina cirewa in wanke in mayar. Ƙashin wurin bai girma ba, ya rage gajere, don haka aka ƙara masa dasashin roba. Likita ta ce nan gaba ana iya ƙara ƙashi a dasa wani na dindindin. In Allah ya nufa, to. In bai nufa ba, wannan ma ya ishe ni in yi waƙa.

Iyayena mata, ga saƙon da likita ta roƙe ni in kawo muku. In yaro ya faɗi, haƙorin da ya fito bayan famfara ya fita, ku riƙe shi ta kai, kada ku taɓa saiwar. Kada toka, kada soso, kada reza, kada shanya. In da ƙasa a ɗan ɗauraye, a mayar da shi raminsa nan take. In ba za ku iya ba, ku tsoma shi a madara ku kama hanyar asibiti a lokacin, ba gobe ba. Na farko da yaro zai yi famfararsa, shi ba a mayarwa. In kuma kun ga haƙorin yaro yana gajarta 'yan'uwansa suna wuce shi, ba jifa ba ne. Ku kai shi a duba tun yana ƙarami, gyaran ya fi sauƙi.

Na gode wa Allah da ya raba ni da ciwo. Na gode masa don Mama Hannatu, da likitar da ban ma riƙe sunanta ba, da Hajiya Zainabu da ta ga abin da ni ban gani ba. Amma babbar godiyata, ya mayar mini da uwata bayan na kore ta da bakina. In akwai wanda yake zaune a nan shi kaɗai a cikin mutane, ko akwai wanda kuke gida ɗaya gaisuwa kawai ke haɗa ku, kada ka ce ya yi latti. Ka kai wa Yesu yadda abin yake, ko a cikin karan dawa ne, zai ji ka. Ka dogara gare shi, sannan ka tashi ka je ka faɗi sauran maganar da ka ɓoye.

Shekara goma sha biyu da suka wuce Inna ta tsaya a nan ta ce Allah ya mayar wa marainiya abin da ta rasa. Ba ta yi ƙarya ba, lokacin ne bai yi ba. Ga ta can a benci na uku, tana ɓoye fuska. Haƙorin yana ƙulle a bakin zanenta. In an tashi, duk mai son gani ya je ya tambaye ta, za ta kwance ta nuna muku.

Inna, ki gaya musu wanda ya tsinto shi. Ki gaya musu wanda ya wanke shi.

Cikin sunan Yesu na ba da wannan shaida. Amin.